Ƙibar Doki Ba Ita Ce Lafiyarsa Ba

Zuwa ga manoma masu karatu, da dagatai, da masu unguwanni na ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram. Wannan takarda tana magana bisa kan dokin da ke yawan ciwon kofato, ga shi kuwa da zaɓen abinci. Wanda ya karanta ya karanta wa yaron dokinsa, gama shi ke riƙe da mudu.

Abin da ya sake

A zamanin da ƙasar nan ta ke cikin lardin Kano, doki ma'aikaci ne. Shi ke kai hakimi rangadi, shi ke kai dagaci gaisuwa, shi ke ɗaukar manzo tafiyar kwanaki zuwa birni. Dawar da ya ci da dare, kafin azahar ya ƙone ta a hanya. A 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, Birnin Kudu da Gwaram suna bin Sarkin Dutse, mota da babur kuwa sun riga sun karɓe aikin doki tun kafin nan. Abin da ya rage masa sai hawan salla, da na biki, da ɗan kilisa. Sauran kwanakin shekara yana ɗaure a turke. Aiki ya ragu, amma mudun dawa bai ragu ba. Har ma ƙaruwa ya yi, don kowa yana so a ga wuyan dokinsa ya cika ran hawa. Nan ne tushen cutar.

Yadda cutar ta ke

Cikin kowane kofato akwai wani ƙashi. Ƙashin nan ba zaune ya ke bisa tafin kofato ba, rataye ya ke jikin bango da waɗansu siraran ganyayyakin nama, wajen 600 a kofato ɗaya, sun sarƙe da juna kamar yatsun hannu biyu. Su ke ɗauke da nauyin doki duka. In suka raunana sai su saki, ƙashin ya karkata ko ya nutsa, wani lokaci har ya huda tafin. Likitocin dabbobi suna kiran wannan laminaitis, mu kuwa a nan za mu ce da shi ciwon cikin kofato. Ya fi kama ƙafafun gaba, domin su ke ɗauke da kashi 60 cikin 100 na nauyin doki.

Me ya haɗa mudu da kofato? Duk hatsin da doki ya ci, ciki ya kan mai da shi sukari, ya shiga jini. Jiki kuwa yana da wani ruwa, sunansa insulin, wanda aka gano a birnin Toronto ta ƙasar Kanada a 1921. Aikinsa kamar na ɗan aike ne mai buɗe rumbu: shi ke sa nama ya karɓi sukarin ya ajiye. In doki ya yi kitse ƙwarai, naman ya kan daina jin aiken. Sai jiki ya yi ta ƙaro 'yan aike, har insulin ya yi wa jini yawa. Wannan shi ne ƙin jin insulin. Ya yi kama da ciwon sukari na mutane, sai dai a doki ba safai sukarin ke hawa ba, insulin ɗin ne ke hawa, shi ne kuwa ke ɓata kofato. An tabbatar da haka a ƙasar Ostareliya a 2007. Masana suka yi ta ɗura wa ƙananan dawaki lafiyayyu insulin ta jijiya, kafin kwana 3 su cika duka sun kamu da ciwon cikin kofato.

Akwai kuma hanya ta biyu. In doki ya kwance ya faɗa wa buhu ko masussuka ya ci hatsi ya wuce kima, hatsin ya kan wuce zuwa babban hanji bai narke ba, ya yi tsami, dafinsa ya bi jini ya sauka kofato cikin kwana 1 ko 2.

Dokin da za a sa wa ido

Ba kowane doki ke da wannan hali ba. Wani ya ci tiya bai nuna ba, wani kuwa ko ƙanshin dusa ya ji sai ya yi ƙiba. Ƙuru ya fi ingarma saurin kamuwa, jaki ma ya kan kamu. Ga alamun da za ku duba:

1. Doron wuya, ƙarƙashin geza, ya yi kauri ya yi tauri, har ya kan kwanta gefe guda.
2. Kitse ya taru a gindin wutsiya, da bayan kafaɗa, da gaban marena ko hantsar goɗiya.
3. Ka shafa haƙarƙari da tafin hannu ba ka ji ƙashi ba sai ka danna.
4. Kofato ya yi zobe-zobe, zoben sun matsu a gaba sun buɗe wajen diddige.
5. Yana ɗari-ɗari bisa tsakuwa da fako, ba ya son juyawa a ƙuntataccen wuri.

Tsohon doki wanda ya haura shekara 15, in gashinsa ya yi tsawo ya ƙi zuba, yana yawan sha da fitsari, wata cuta ce dabam ta cikin kai, ita ma tana jawo ciwon kofato. Gwajin jini ke rarrabe su, likita kaɗai ke yinsa.

Abin da za a janye

Dawa, da gero, da masara, da tsaki. Kunu da ƙullun gero da a ke ɗura wa doki da hannu. Rake, da dankali, da rogo, da zuma, da kowane abu mai zaƙi. Dusar gida ma a yi hattara da ita, gama ta turmi da ta inji duka suna tafe da gari da tsaki. In an ba da ita, kada ta wuce cikin tafi guda, don a ɓoye gishiri ko magani a ciki. Dusa mai yawa tana da wani lahani kuma: tana hana ƙashi samun abin da ke ƙarfafa shi.

Kada a bar doki ya ci gyauron dawa ko ƙaramar dawa ɗanya, akwai dafi a cikinta mai kisa nan take. Harawar da ta yi fumfuna a zubar. Allurar sa ƙiba irin wadda a ke sayarwa a kasuwa, kada ta kusanci dokin nan ko kusa. Irinta tana ƙara ƙin jin insulin.

Abin da za a ba shi

Abincinsa ingirici ne, watau busasshiyar ciyawa wadda ta ƙosa kafin a yanke ta. Allah ya hore wa kudancin Jigawa ruwan sama fiye da arewacinta, saboda haka gamba da kyasuwa da harkiya ba su da wuya a nan. Ciyawarmu in ta ƙosa ba ta da zaƙi da yawa. Masana sun ce dokin nan yana bukatar abincin da sukari da garin da ke cikinsa ba su wuce kashi 10 zuwa 12 cikin 100 ba. Hatsi kuwa fiye da rabinsa gari ne. Kun ga ratar da ke tsakani.

A auna, kada a yi kirdado. Ga yadda za a san nauyin doki ba da sikeli ba. Sami tef irin na tela. Auna kewayen ƙirjinsa daidai inda majanyi ke zama, sa'an nan auna tsawonsa daga kan kafaɗa ta gaba zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. Riɓa kewayen da kansa, riɓa abin da ya fito da tsawon, ka raba da 11,880. Misali, kewaye 160, tsawo 150, ya ba da kilo 323. Doki mai ƙiba a fara shi da kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, watau kilo 6 da rabi na ingirici a yini da kwana. Cikin mako 2 a sauko da shi a hankali zuwa kashi 1 da rabi, watau kusan kilo 5. Kada a yi ƙasa da haka sai da umurnin likita. Sikelin rataye na masu awon hatsi ya isa wannan aiki.

A raba abincin kashi 4 ko 5, kashi mafi girma da dare. Tumbin doki ƙarami ne, an halicce shi ya yi ta tsinka kaɗan kaɗan har sa'a 16 a yini da kwana. A zuba ingiricin cikin raga mai ƙananan idanu a rataye, don ya daɗe yana ja. A kula kada ragar ta sauko inda ƙafa za ta shiga.

In ana shakkar zaƙin ciyawa, a jiƙa ta cikin ruwa mai tsabta rabin sa'a zuwa sa'a guda, a tsame, a zubad da ruwan inda dabba ba za ta sha ba, a ba shi nan da nan kafin zafi ya sa ta tsami. In ɗanya za a yanko, a yanko da sassafe, gama rana ita ke tara wa ciyawa zaƙi, da la'asar ta fi yawa. Sabon tsiro na farkon damina a hana shi.

Ruwa kada ya yanke masa, da bazara ya kan sha fiye da lita 40. Gishiri cokali 2 kowace rana. Kanwa kaɗan bisa al'ada ba laifi, amma ba ta warkad da wannan ciwo.

In ya ƙi ci fa?

Nan ne masu doki da yawa su kan karaya. Dokin da ya saba da gero, ran da aka ajiye masa ingirici sai ya shinshina ya kau da kai, ya yi ta haniniya yana tonon ƙasa. Yaron doki ya ji tausayi ya saci mudu ya zuba masa, ko yaran gida su miƙa masa rake ta kan danga. Shi ke nan, aikin wata guda ya rushe. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, ga mutum ga dabba. Amma kuma kada a ce za a hore shi da yunwa. Doki mai ƙiba in ya daina ci, kitsensa ya kan narke ya cika jini ya ɓata hanta, ƙuru da jaki sun fi mutuwa ta haka. Yunwa kuma tana sa gyambon ciki. Hanya tana tsakiya, ga ta:

1. A fara duba bakinsa. Haƙoran doki ba su daina fitowa, gefensu ya kan yi kaifi ya yanki kunci. Wanda ke tauna ciyawa yana zubo ta dunƙule-dunƙule ba iyayi ya ke yi ba, ciwo ya ke ji. Likita ya goge masa su.
2. A sansana ciyawar. Hancin doki ya fi namu. Mai ƙura, da mai warin fitsarin awaki ko na ɓera, ba zai ci ba. A wanke komi kullum.
3. A sake abinci a hankali cikin kwana 7 zuwa 14, ana rage tsohon ana ƙara sabon. Amma wanda ciwo ya riga ya kama, a yanke masa hatsi ran nan.
4. A yi masa mahaɗi. Harawar wake ko ta gyaɗa doki yana sonta, tana kuwa da abin gina jiki da na ƙashi. A daddatsa ta ƙanana, a cuɗa ta da ingirici yadda ba zai iya tsince ta ba, kashi 1 na harawa cikin kashi 4 ko 5. Nauyinta yana cikin lissafin kilo 5 ɗin nan, ba ƙari ba ne.
5. A yayyafa ɗan ruwan gishiri. In ya ƙi jiƙaƙƙiya, a rage lokacin jiƙon, sa'an nan a riƙa ƙarawa.
6. A ɗaure shi inda zai ga wani doki yana ci, amma ba inda zai ga ana zuba wa wani hatsi ba.
7. Mutum ɗaya ya riƙe ciyarwa, lokaci ɗaya kullum. Mai gida ya gargaɗi kowa da bakinsa.

In ya yini ya kwana bai taɓa kome ba, wannan ya wuce zaɓe, a nemi likita.

Ran da ciwo ya tashi

Za ku gan shi ya miƙe ƙafafun gaba ya koma da nauyi baya, yana ɗaga wannan ƙafa yana sauke waccan, kofato da zafi, jijiyar da ke bisa diddige tana bugawa da ƙarfi. Kada a hau shi, kada a ja shi yawo wai don ƙafa ta saki, tafiya tana ƙara yage naman. Ƙasarmu ta duwatsu ce da tsakuwa, saboda haka a ɗebo rairayin rafi a zuba masa mai kauri a inuwa, ya tsaya ko ya kwanta yadda ya so. In hatsi ya sata, a tsoma ƙafafunsa cikin ruwan ƙanƙara tun bai fara ɗingishi ba. Kada a yi masa lalas ko tsaga. A aika ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma nan da nan. Maganin zafi da gyaran kofato aikin likita ne. Bayan ya samu sauƙi a riƙa gyara kofaton kowane mako 4 zuwa 6. Kofato ba ya tsiro fiye da santimita guda a wata, sabo ba ya gama sauka sai wajen shekara.

In likita ya yarda ƙafa ta warke, a koma kilisa, daga tafiyar minti 10 har a kai rabin sa'a da ɗan sassarfa, kwana 5 a mako. Motsi shi ke sa nama ya koma jin insulin. A sake awo da tef kowane mako 2. Ragin kilo 2 ko 3 a mako ya isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga dagatai

Lokatai uku sun fi hatsari: kaka, sa'ad da sabon hatsi ke zube ko'ina, farkon damina, da makonnin da ke gabanin salla, sa'ad da a ke gasar cika wuyan dawaki. Talakawa abin da suka gani a bargar shugaba shi su ke kwaikwayo. In dagaci ya fito bisa doki matsakaici, wanda a ke jin haƙarƙarinsa ba a ganinsu, yana taka ƙasa da ƙarfi, sauran za su bi. Mai sayen doki kuma, ko a Maigatari ko a gida, ya duba kofato kafin ya duba wuya. Halin nan ba ya barin doki har ya mutu, amma wanda aka auna wa abinci ya kan yi shekaru ana hawansa. Dawar da aka janye daga komi kuwa ta koma rumbu, iyali su ci.

Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu, amin.