Yadda Ake Ceto Fayiloli Daga Had-disk Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi

Tun da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura a shekarar 2019, daga baya kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya ta fara ɗaukar ɗalibai, laftof ta yawaita a hannun matasan garin. Ga masu shagunan buga takardu da cike fom, ga masu ɗaukar hotunan biki da na hawan Sallah, daga cikin Daura har Mai'aduwa, Zango, Baure da Sandamu. Da yawa daga kwamfutocin nan na hannu ne, sun sha aiki kafin su iso. A nan kuma su haɗu da ƙurar hunturu, da zafin bazara mai haura digiri 40, da wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi. Wata rana a danna maɓallin kunnawa, a ji shiru, ga kuma furojet ɗin ɗalibi ko hotunan auren mutane a ciki.

A irin wannan hali, sau da yawa fayilolin suna nan lafiya lau. Abin da ya fi hallaka su shi ne gaggawar da ke biyo baya: a yi ta kashewa ana kunnawa, ko a ruga wajen mai gyara ya yi fomatin ya ɗora sabuwar Windows. Tsarin da ya dace shi ne a dakata, a gano abin da ya lalace, a kwashe fayiloli, sannan a yi maganar gyara.

Ina fayilolin suke?

Duk abin da aka adana yana cikin ma'adanar kwamfuta. Ita na'ura ce mai zaman kanta, dabam da sikirin, madabod, batir da RAM. Ko waɗannan duk sun ƙone, tana iya kasancewa garau.

Iri biyu ce. Akwai had-disk, mai faifai a ciki da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da ɗan hannu mai karanta bayanai a kansa. Akwai kuma SSD, wadda babu abin da ke motsi a cikinta, bayananta na cikin ƙananan cip kamar na filash. Wata SSD ɗin faɗinta inci 2.5 ne kamar had-disk ɗin laftof, wata kuma siririya ce da ake kira M.2.

Alamomi uku

Na farko, kwamfuta ta ƙi kawo wuta sam, ko fanka na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin. Wannan ya fi nuna caja, batir, RAM, sikirin ko madabod. A nan kyakkyawan zato shi ne fayiloli ba su taɓu ba.

Na biyu, tana kawo wuta amma Windows ba ta buɗewa, ko ta rubuta cewa ba ta ga na'urar da za ta tashi da ita ba. Wataƙila Windows ce ta lalace, wataƙila kuma had-disk ne ya fara ciwo.

Na uku, ana jin ƙara daga ciki, ƙas-ƙas-ƙas, ko kamar ana goga ƙarfe. Wannan had-disk ne da kansa. A kashe nan take, kada a sake kunnawa.

Idan ma'adanar lafiyarta ƙalau

Hanya mafi sauƙi ita ce a ciro ta a jona wa wata kwamfutar. A zare caja, a cire batir idan mai ciruwa ne, a kwance murfin ƙasa, a zare ma'adanar a hankali. Sai a nemi adaftar SATA zuwa USB, ko ɗan akwatin da ake saka had-disk a ciki. Idan ba a samu a shagunan Daura ba, ana samu a Katsina, ko a Kano a titin Beirut da kasuwar waya ta Farm Centre. Had-disk ɗin kwamfutar tebur, mai inci 3.5, yana buƙatar adafta mai wutarta dabam ta bolt 12. Ita kuwa M.2 kala biyu ce, SATA da NVMe, don haka a karanta rubutun jikinta kafin a sayi akwati.

Da an jona, za ta bayyana kamar filash. A shiga foldar Users, a buɗe sunan mai kwamfutar, a kwashe Desktop, Documents, Downloads da Pictures. A fara da abin da babu kwafinsa a ko'ina. Finafinai da waƙoƙi su jira.

Idan Windows ta fito da saƙon cewa sai an yi fomatin kafin a yi amfani da shi, a danna Cancel. Wannan saƙo ya ci fayilolin mutane masu yawa.

Wanda ba ya son buɗe kwamfutarsa, kuma tana kawo wuta, yana da wata hanyar. Ya sauke Ubuntu a wata kwamfutar, ya ɗora ta a filash mai gigabait 8 ko fiye da manhajar Rufus, ya tashi kwamfutar daga filash ɗin, ya zaɓi Try Ubuntu. Kada ya taɓa Install. Daga nan zai ga foldojinsa ya kwashe su zuwa wata ma'adanar.

Makullin BitLocker

Wani lokaci ana jona ma'adanar sai ta nemi lambar sirri. BitLocker ke nan, tsarin Microsoft mai kulle bayanai, kuma sababbin kwamfutoci da yawa suna kunna shi da kansu idan an shiga da asusun Microsoft. Makullin lambobi 48 ne. Ana dubo shi ko da waya, a shafin account.microsoft.com/devices/recoverykey, da asusun da aka yi amfani da shi a kwamfutar. Idan babu makullin, babu gwanin da zai buɗe ta. Shi ya sa duk wanda wani ya saita wa laftof da imel ɗinsa, gara ya bincika tun tana aiki.

Idan had-disk ya fara ciwo

Alamarsa ita ce nauyi, kwafi ya tsaya a tsakiya, ko ya riƙa ɓacewa yana dawowa. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana karanta rahoton lafiyar da had-disk ke ajiyewa, wanda ake kira SMART. Idan ta nuna Caution ko Bad, lokaci ya ƙure. Idan ta nuna Good ma ba a saki jiki ba. A wani bincike da injiniyoyin Google suka fitar a 2007 kan had-disk sama da 100,000, kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alamar gargaɗi ba.

Had-disk mai ciwo ba a wahalar da shi da sikanin ko umarnin chkdsk, domin kowane karatu ƙara gajiyar da shi yake yi. Abin da ƙwararru ke yi shi ne su kwafe shi gaba ɗaya zuwa wani mai lafiya, wanda ya kai shi girma ko ya fi shi. Manhajar GNU ddrescue, da ke aiki a kan Ubuntu, don haka aka yi ta. Tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa, sannan ta koma wa masu matsala. Tana kuma rubuta inda ta tsaya, don haka ko wuta ta ɗauke za ta ɗora daga nan. Aikin kan ci awanni, wani lokaci kwanaki, saboda haka gara a yi shi a kan sola ko inbata. A kula sosai wajen rubuta sunan wanda ake kwafa da wanda ake zubawa. Idan aka juya su, an shafe komai.

A kan kwafin ne ake sauran aiki. TestDisk na dawo da ɓangaren ma'adana da ya ɓace. PhotoRec na tono hotuna, bidiyo da takardu, sai dai ba ta dawo da sunayensu na asali. Recuva ta fi sauƙin sha'ani ga mai Windows. Ƙa'ida ɗaya ce a kansu duka: ba a zuba abin da aka ceto a kan ma'adanar da ake cetowa daga cikinta.

Idan an riga an yi fomatin fa? Fomatin na gaggawa a had-disk jerin sunayen fayiloli kawai yake sharewa, bayanan suna nan har sai an rubuta wani abu a kansu. Ɗora Windows kuwa yana rubuta gigabait kusan 20 ko fiye, duk abin da ya hau kai ya tafi. A SSD abin ya fi muni, saboda wani tsari mai suna TRIM da ke share abin da aka goge ba da jimawa ba.

Had-disk mai ƙara

Tazarar da ke tsakanin faifai da hannun da ke karanta shi ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta karce faifan. Don haka buɗe had-disk a kan teburin shago, balle da hunturu, kashe shi ne. Haka saka shi a firji ko bubbuga shi, duk da ana yawan faɗa a intanet. Irin wannan aiki na kamfanonin ceto bayanai ne masu ɗaki na musamman da ake tace iskarsa, kuma kuɗin yakan fi na sabon had-disk nesa ba kusa ba. Mai shi ne zai auna ko abin da ke ciki ya kai.

Kafin a miƙa wa mai gyara

A faɗa masa a fili cewa fayiloli ake so tukuna, kada ya yi fomatin. Idan matsalar madabod ce ko sikirin, ana iya cire ma'adanar a bar ta a gida, domin a cikinta akwai hotunan iyali, takardun NIN da na banki, da lambobin sirrin da burauza ta adana. Idan an sa sabuwa, a karɓo tsohuwar.

Wasu kwamfutocin ba su ba da wannan dama. Ƙananan laftof masu ma'adanar eMMC, da MacBook masu cip ɗin M1 zuwa sama, ma'adanarsu a like take da madabod. Sai an tashi madabod ɗin kafin a kai ga fayiloli.

Waya ma haka take

Ma'adanar wayar Android ko iPhone a like take, kuma a kulle da lambar sirrin mai ita. Idan sikirin ne ya fashe, a canja shi a kwashe kaya. Idan aka yi mata filashin ko aka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, hotunan sun tafi. Katin memori ne kawai ake iya cirowa a gwada da PhotoRec.

Maganin da ya fi araha

Masana na ba da shawarar kwafi uku na duk abu mai muhimmanci, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Ga ɗalibi, wannan na nufin laftof, filash, da Google Drive, wanda ke ba kowane asusu gigabait 15 kyauta. OneDrive na ba da gigabait 5. Furojet na Word yawanci bai fi 'yan megabait ba, datar da zai ci ba ta kai ta kallon gajeren bidiyo a TikTok ba. Mai ɗaukar hoto kuwa kada ya goge katin kyamara sai hotunan sun shiga wuri biyu. A sayi abin kare na'ura daga wuta mai ƙarfi, a daina ɗaukar laftof mai had-disk tana kunne, a kuma buɗe kwafin lokaci zuwa lokaci a tabbatar yana buɗuwa.