Kwamfutar Dala 100: Darasin da ta bar wa masu son kai fasaha aji

A watan Janairun 2005, a taron tattalin arzikin duniya na Davos, Nicholas Negroponte na jami'ar MIT da ke Amurka ya gabatar da wani buri: a ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka wadda kuɗinta bai wuce Dala 100 ba, a damƙa wa kowane yaro ɗan firamare a ƙasashe masu tasowa. Shirin ya samu suna One Laptop per Child, wato kowane yaro da kwamfutarsa.

Na'urar da aka ƙera, XO-1, ba ta wasa ba ce. Koriya ce da fari, tana jure ƙura da faɗuwa, ana iya karanta fuskarta cikin tsakar rana, kuma ba ta cin wuta sosai. Tunanin da aka gina ta a kai ya samo asali ne daga malamin lissafi Seymour Papert, wanda ke ganin yaro ya fi koyo idan yana ƙirƙirar abu da hannunsa, maimakon ya zauna ana zuba masa bayani.

Da aka fara ƙera ta da yawa a ƙarshen 2007, kuɗinta ya kusa ninka abin da aka yi alkawari. Duk da haka ƙasashe sun saya. Uruguay ta raba wa dukkan ɗaliban firamaren gwamnati zuwa 2009, Peru ta sayi fiye da 800,000. A Nijeriya ma an gwada ta a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007.

Tambayar ita ce: yaran sun ƙaru? A 2012 masana daga bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a makarantun karkara 319 a Peru. Bayan wata 15, yaran sun iya sarrafa kwamfuta, kuma an ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani. Amma a lissafi da harshe, ba a ga bambanci tsakaninsu da waɗanda ba su samu na'urar ba. Yawancin makarantun ba su da intanet, horon malamai bai taka kara ya karya ba, kuma manhajojin ba su bi manhajar karatun aji ba. An kawo kayan aiki, amma yadda ake koyarwa bai sauya ba.

Wani gwaji da aka yi a birnin Delhi na Indiya ya nuna ɗaya fuskar. An tura ɗalibai 'yan ƙaramar sakandare daga gidaje marasa ƙarfi zuwa cibiyoyin da ke amfani da manhajar Mindspark bayan an tashi daga makaranta. Manhajar kan fara da gwada yaro don ta gano ainihin inda ya tsaya. Idan yana aji bakwai amma rabawa ta aji huɗu ce ke ba shi wuya, daga nan za ta ɗauko shi. Duk amsar da ya bayar, nan take za ta nuna masa kuskurensa, sannan ta zaɓo tambaya ta gaba daidai ƙarfinsa. Rabin lokacin kuma yaran na zaune ne da mai koyarwa. Cikin wata huɗu da rabi, makinsu a lissafi da harshen Hindi ya haura na takwarorinsu a fili. An wallafa binciken a 2019.

Bambancin gwaje-gwajen biyu ba ya ga tsadar na'ura. Mutum yana koyo ne idan aka fara daga abin da ya sani, ya maimaita, ya yi kuskure, aka gyara masa kafin kuskuren ya zauna. Wanda ya san makarantar allo ya san wannan tsari: kowane almajiri da inda karatunsa ya tsaya, kuma ba ya wanke allo sai malam ya saurare shi ya tabbatar ya iya. Abin da ke gagarar malamin da ke gaban yara 80 ke nan, kuma nan ne kwamfuta za ta iya rage masa nauyi.

Yanzu da ake tallar manhajojin ƙirƙirarriyar basira da kwamfutocin hannu ga makarantu, iyaye da masu makaranta na da tambayoyin da ya kamata su yi kafin su zare kuɗi. Shin manhajar na gano matakin yaro? Tana gyara masa kuskure, ko amsa kawai take miƙa masa? An horar da malamin da zai yi aiki da ita? Wa zai yi caji, wa zai gyara idan ta lalace? Idan babu amsa, na'urar za ta ƙare a kabad ɗin hedimasta, kuɗin kuma ya riga ya tafi.