YADDA ZA KA BA DA JINGAR SHINGEN GIDA DA GARKA

Manomi, da zarar an kwashe gero da dawa sai a saki dabbobi. Daga nan awaki da tumaki sukan faɗa wa garka da lambun rani. A ƙasar Tambuwal da Kebbe yawancinmu da darnin kara ko zana muke kewaye gida, amma gara da iska ba sa barinsa ya daɗe. Idan ka yi niyyar ba wani jingar shinge mai ƙwari, ga abubuwan da za ka kiyaye.

1. TABBATAR DA IYAKA

Kafin a haƙa rami ko ɗaya, kira maƙwabtanka da mai unguwa ku bi iyaka tare, ku kafa alama. Kada shinge ya ci hanya ko burtali, don nan ne rigima da makiyaya take farawa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma. In akwai gardama, a kashe ta wurin hakimi ko a sakatariya tun ba ka kashe kuɗinka ba.

2. YI LISSAFI DA KANKA

Auna wurin da igiya. Misali, garka mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20, kewayenta mita 100 ne. In za a kafa dirka kowace mita biyu da rabi, dirka 40 kake bukata. In za a ja waya mai ƙaya layi biyar, mita 500 ke nan. Wanda ya san wannan lissafi ba a yi masa ƙari a kaya.

3. NEMAN MAI AIKI

Tambayi waɗanda aka yi wa shinge a garinku, ko a Dogon Daji, Jabo, Sanyinna ko Kuchi. Je ka duba aikin da idonka, gani ya kori ji. Wanda ya ci damina biyu za ka duba. Girgiza dirkar kusurwa. In ta motsa, nemi wani.

Ji farashin mutum uku. Kada ka ruga wa mafi sauƙi, araha ba ta ado. Mutumin da aka san gidansa da iyayensa ya fi baƙon da ka gamu da shi ranar kasuwa.

4. ABIN DA ZA KU YI MAGANA A KAI

(a) Itace. Gara ba ta cika cin ƙirya da azarar giginya ba. Kada ka yarda da ɗanyen ice. A shafa baƙin mai a gindin kowace dirka. Tambayi inda zai samo icen, don sare itace a gandun daji ba da izini ba laifi ne.

(b) Rami. Zurfinsa ya kai rabin mita. Dirkar kusurwa da ta ƙofa su fi kauri, a yi musu tokara, domin su ne ke ɗaukar jan waya.

(c) Waya. Layukan ƙasa su matsu sosai. Akuya ta ƙasa take kutsawa. A gidan da ke da yara ƙanana ragar waya ta fi, ba ta yanka.

(d) Sayen kaya. Ya fi kyau ka sayo da kanka, ko ku je kasuwa tare, shi kuma ka biya shi ladan hannunsa.

5. A RUBUTA

Ko ɗan'uwanka ne, a rubuta. Da boko ko da ajami duk ɗaya ne. A sa tsawon shinge, yawan dirka, layin waya, kuɗi, da ranar gamawa. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe takarda ɗaya.

Raba biya kashi uku: kafin alƙalami, sai bayan an kafa dirka duka, sai bayan ka zagaya shingen ka gamsu. Kada ka taɓa biya duka tun farko. In ya ɓace da kuɗin, hatsinka na shekara ne ya tafi.

6. LOKACI

Ba da aikin da rani. Ruwa na sauka, shi ma gonarsa za ta ɗauke masa hankali.

7. SHINGE MAI RAI

Dirka tana ruɓewa, waya tana tsatsa. Saboda haka ka dasa shinge mai rai ta cikin wayar. Aguwa da dashi ana kafa rassansu ne da bazara kafin ruwa ya zauna, don laima tana ruɓar da sabon yanka. Bagaruwa, magarya da lalle kuwa sai damina ta kama. Kafin wayar ta gaji, su sun haɗe. Ga kuma ganyen lalle da 'ya'yan bagaruwa na sayarwa.

Don ƙarin bayani, nemi malamin gona na yankinku a sashen aikin gona na ƙaramar hukumar Tambuwal ko Kebbe.