Bututun Numfashi Ta Hanci: Wane Iri Ya Fi Sauƙi Ga Majiyyaci?

Da yawa daga cikinmu mun san ana ba mutum maganin barci kafin a yi masa tiyata, amma kaɗan ne suka san cewa a yawancin manyan ayyuka likita ne ke riƙe da numfashinsa, ta wani bututu da ake zurawa har cikin maƙogwaro. Galibi ta baki ake sa shi. To amma idan aikin na baki ne, kamar wanda muƙamuƙinsa ya karye a hatsarin babur, ko yaron da ciwo ya ɗaure wa baki ba ya buɗuwa, sai a bi ta hanci.

Likitoci biyu, Magill da Rowbotham, su suka yaɗa wannan dabara a wani asibiti a garin Sidcup na Ingila, sa'ad da ake gyaran fuskokin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya ƙare a 1918. Bututunsu na jar roba ne, ana wankewa a dafa a sake amfani da shi.

Matsalar hanci ita ce ƙunci da yawan jijiyoyin jini, saboda haka haɓo shi ne abin da aka fi fama da shi. A nan ne irin bututu ke da muhimmanci. Na filastik da ake kira PVC, wanda ya maye gurbin jar roba tun daga shekarun 1960, yana da araha, sau ɗaya ake amfani da shi a jefar, amma yana da tauri idan da sanyi. Na silikon ya fi laushi, bai cika goge hanci ba, sai dai ya fi tsada, kuma laushin nan kan sa ya ƙi bin hanya har sai an kama bakinsa da hantsaki an saita shi. Akwai kuma mai waya a naɗe cikin jikinsa, wanda ba ya toshewa ko an lanƙwasa shi.

Inda kuɗi suka yi kaɗan akwai dabara: a jiƙa na PVC cikin ruwan asibiti mai ɗumi ya yi laushi, a ɗiga maganin matse jijiyoyi a hanci, a shafa wa bututun mai, a kuma zaɓi siriri, wajen milimita 6 zuwa 7 ga babba.

Zaɓen bututu aikin likita ne, amma mu ma muna da namu. Kafin tiyata mu faɗa masa idan muna yawan haɓo, ko kafar hanci ɗaya ta toshe, ko muna shan maganin tsinka jini, ko fatarmu ba ta jituwa da roba. Wanda ya bugu a ka kuwa, 'yan uwa su sanar, domin karaya a gindin ƙoƙon kai kan hana a bi ta hanci. Wanda harshen asibiti ke ba wuya ya tafi da mai fassara, kada kunya ta sa ya yi shiru.