Kare Bututun Banɗaki Daga Ɓarnar Ɓera a Unguwannin Hausawa na Legas

Malam manomi, wataƙila ka yi mamakin ganin batun banɗaki a cikin jagorar da ta saba yi maka bayanin iri da taki. Dalili shi ne, gero da wake da barkonon da ka noma a Arewa, da yawansu a Legas ake cin su, kuma kafin a kai su kasuwa sukan kwana a shaguna da ɗakunan 'yan'uwanmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba. Ɓeran da ya fito daga bututun bayan gida da dare, shi ne ke bi ta kan waɗannan buhuna kafin asuba. Ke nan gyaran bututun wani ɓangare ne na adana amfanin gona.

Hausawa sun daɗe a Agege. Fataucin goro da na shanu ne ya zaunar da su, zangon ya kuma bunƙasa bayan da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912. Galibin gidajen wurin na haya ne, ɗakuna a jere suna fuskantar juna, da banɗaki ɗaya ko biyu a baya. Ba kamar biranen Turai ba, yawancin unguwannin Legas ba su da babbar magudanar ƙarƙashin ƙasa da ke kwashe ƙazantar gari baki ɗaya. Kowane gida da nasa tsarin: bututun roba mai faɗin inci 4 ya fito daga masai, ya shiga ɗan ramin siminti mai murfi da magina ke kira cemba, daga nan ya zarce zuwa sokawe. Wannan abin farin ciki ne ta wata fuska, domin yana nufin ɓeran da ke cikin bututunka ba daga nesa ya biyo shi ba. A cikin gidanka ya sami ƙofa, kuma kana iya gano ta.

San abokin gabarka

Ba kowane ɓera ne ke wannan ɓarna ba. Babban mai laifi shi ne ƙaton ɓeran kwata mai launin ƙasa-ƙasa, wanda jiragen ruwa suka yaɗa a biranen gaɓar teku. Gwanin haƙa rami ne, gwanin iyo kuma. Ruwan da ke kwance a wuyan masai ba ya hana shi nutsewa ya ɓullo ta sama. Na biyu shi ne baƙin ɓeran rufi mai dogon wutsiya, wanda ke hawa bango ya faɗa ta bakin bututun da ke fitar da wari. Ita kuwa jaɓa, duk da warinta, ƙwari take ci, ba ta gwaguyar roba. A bar ɗora mata laifin da ba nata ba.

Haƙoran gaban ɓera ba sa daina tsiro har ya mutu, suna ƙaruwa da kimanin santimita 10 ko fiye a shekara, shi ya sa ba ya rabuwa da gwaguya. Amma ga abin da ya kamata ka riƙe: haƙoran a lanƙwashe suke zuwa ciki, don haka da wuya ya sami makama a jikin bututu mai faɗi da santsi. Sai ya sami baki ko tsaga sannan ya fara. Inda aka yanke bututu aka bar shi ba a rufe ba, mahaɗar da ba a sa mata gam sosai ba, robar nan mai lanƙwasa da ke haɗa masai da bututu, da wurin da rana ta gasa roba har ta tsage, nan ne yake sa haƙori. Kafar da babban yatsanka zai shiga ta ishi matashin ɓera wucewa, ƙaramin ɓeran ɗaki kuwa kafa mai faɗin fensir ta ishe shi.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta haƙori ba, wadda a ganina ta fi muni domin ba a ganin ta. Ɓera yakan haƙa raminsa a ƙarƙashin bututun da aka binne. Da ruwan sama ya sauka sai ƙasar ta zauna, bututun ya lotsa, mahaɗa ta buɗe, ƙazanta ta riƙa tsiyaya cikin ƙasa wata da watanni. Masana na son a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin bayan gida da rijiya, amma filayen Agege ba su da wannan sarari. Wanda ya tuna annobar amai da gudawa da ta auka wa Legas a 2024 ya san abin da gurɓataccen ruwa ke jawowa. Fitsarin ɓeran kansa yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke kawo zazzaɓi da shawara, har ta taɓa ƙoda. Zazzaɓin Lassa kuwa, wanda aka fara gano shi a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yau, wani ɓera ne mai nonuwa da yawa ya fi yaɗa shi, ta kashi da fitsarin da yake bari a kan abinci.

Toshe ƙofa tukuna

Ka zaɓi lokacin rani, kafin ruwan Afrilu ya kankama, ka bi bututun tun daga masai har sokawe. Duk ramin da ka gani a gefensa, ka cusa masa takarda ko ka rufe shi da ƙasa da yamma. In ka tarar an buɗe da safe, akwai mai shi a ciki. Ka barbaɗa toka a kewayen cemba, sawu da jan wutsiya za su nuna maka hanyar da ake bi.

Murfin cemba da na sokawe su zama na kankare ko ƙarfe, masu zama daram. Katako ko tsohon kwanon rufi da aka danne da dutse ba murfi ba ne. Bakin bututun wari a ɗaure masa ragar waya wadda idonta bai wuce milimita 6 ba. Ragar sauro ta roba ba ta kwana biyu. Inda bututu ya ratsa bango, a cusa ragar waya a kafar sannan a shafe da siminti, awo 1 na siminti da 3 na yashi. Bututun da ke kwance a fili a lulluɓe shi da kankare, wanda zai kare shi daga haƙori da rana gaba ɗaya. Wanda ya riga ya tsage a yanke a sauya, kada a naɗe shi da leda da robar taya. Mai hali yana iya sa mai gyaran famfo ya ɗaura masa ɗan marfin ƙarfe a cikin cemba, irin wanda ke buɗewa idan ruwa ya taho ya kuma rufe kansa. Sai dai a riƙa duba shi, domin tsumma na iya maƙale masa. Masan da ba a amfani da shi a riƙa kora masa ruwa kowane mako, a danne murfinsa.

Bayan haka sai a yanke masa abinci. Sauran tuwo da ruwan wanke-wanke da ake juyewa a masai ko kwata su ne ke riƙe shi a gidan. Buhunan hatsi a jera su bisa katako, nesa da bango da rabin mita, abin da za a ci a gida kuma a zuba a durom mai murfi.

Guba a ƙarshe

Mutanenmu sukan fara da shinkafar ɓera, alhali ita ce ya kamata ta zo ƙarshe. Macen ɓeran kwata tana haihuwa bayan kimanin kwana 22 da ɗaukar ciki, 'ya'ya 6 zuwa 12 a lokaci guda. In ƙofa na buɗe, waɗanda ka kashe za a maye gurbinsu. Gubar da ke kisa nan take tana da wani aibi: ɓeran da ya ɗanɗana bai mutu ba, ba zai sake kusantar ta ba, ga haɗarinta ga yara da kaji. Mai tsinka jini, irin su Klerat, tana kisa ne bayan kwana 3 zuwa 7, don haka ɓera ba ya gane ta. A sa ta cikin guntun bututu ko akwati mai kulle a gefen bango, inda yaro ba zai kai hannu ba. In wani ya haɗiya bisa kuskure, a garzaya da shi asibiti tare da kwalin maganin.

Kada ka zuba guba ko fiya-fiya ko fetur a cikin masai. Ruwa zai tafi da gubar, magungunan za su kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta a sokawe, fetur kuwa in ya haɗu da iskar ramin yana iya tashi da wuta. Mushen ɓera a ɗauke shi da shebur ko hannu cikin leda, a binne a rami mai zurfin rabin mita.

Kai kuma malamin gona, ka sani a gidan haya aikin mutum ɗaya ba ya isa, domin kwata ɗaya ce ta haɗa layin duka. Ka nemi masu gidaje da shugabannin 'yan kasuwar hatsi ta hannun limamai da fadar Sarkin Hausawa, a tsayar da mako guda da kowa zai yi gyara da ɗana tarko tare. Bayan mako 2 ka koma da toka ka sake duba sawu a gidajen da aka gyara.