Aska ɗaya, kai goma

Ranar Juma'a da hantsi ka leƙa shagon aski, benci cike, kowa na sauri kada liman ya shiga. Mai aski ya gama da wani, ya kaɗe kilifa da buroshi, ya ɗiga mata sipirit, ya ƙyasta laita. Wuta ta yi fau ta mutu. "Bismillah Alhaji, zauna." Alhaji ya zauna hankalinsa kwance, tunda ya ga wuta da idonsa. Ni kuwa wutar nan ce ba ta kwantar mini da hankali, domin ko daƙiƙa uku ba ta yi ba, kuma tsakanin haƙoran kilifar akwai guntun gashi da maiƙo da ɓawon fata da harshenta bai kai gare su ba.

Abin da ke maƙale a wurin ba iri ɗaya ba ne. Akwai fangas, dangin fumfuna, mai kawo makero. Shi wannan yana iya daɗewa a jikin mataji da buroshi, shi ya sa makero ke zagaya yaran unguwa kamar an raba musu. Akwai bakteriya, irin wadda likitoci ke kira Staphylococcus aureus, wadda ke zaune lafiya lau a hancin kusan mutum ɗaya cikin uku. Da ta sami ɗan tsagi a fata sai ta zama maruru ko ƙurajen ƙeya. Sai bairas, wanda a nan ne maganar ta fi nauyi.

Jama'a sun fi tsoron ƙanjamau, alhali ƙwayarsa ba ta jure zama a waje. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B ce mai taurin rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a wajen jikin mutum, kuma ɗigon jinin da ido ba ya gani ya isa ya ɗauke ta. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Akasarinsu ba su sani ba, don takan yi shekaru tana cin hanta shiru. To, lissafa mutum nawa wanzami ke yi wa ƙaho, mai yankan farce ƙafa nawa yake taɓawa da almakashi ɗaya daga safe zuwa magariba.

Ɓangaren mata ma haka ne. Mai kwalliyar amare ta shafa wa amarya da ƙawayenta goma jambaki ɗaya, ta zizara musu kwalli da tsinke ɗaya. In ɗaya na da ƙurjin zazzaɓi a leɓe ko ciwon ido, an gama rabo. Ciwon idon da muke kira afolo, wanda ya samo sunansa a Gana a 1969 saboda ya ɓarke a shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata, ta hannu da tawul da kayan ido yake bi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsallake wanki. Maganin kashe ƙwayoyi ba ya ratsa datti, jini da maiƙo garkuwa suke zame musu. Sai an wanke kaya da sabulu da ruwa, an cuɗe lungunan da buroshi, sannan magani ya yi aiki. Shi ma maganin yana son lokaci. Sipirit mai ƙarfin kashi 70 ya fi tsantsarsa kisa, domin ruwan da ke ciki yana hana shi saurin bushewa, kuma yana taimaka masa ya ratsa ƙwayar. Ruwan bilic irin su Jik da Hypo, mai ƙarfin kashi 3.5, ana zuba awo ɗaya cikin awo shida na ruwa, a jiƙa kaya minti 10, a ɗauraye, a shanya. In ya wuce haka ƙarfe zai fara tsatsa, kuma haɗin jiya ba ya aikin yau. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya tafasa askarsa minti 20, a fara ƙirga daga lokacin da ruwan ya soma tafasa. Kananzir da fetur da wasu ke gogawa, a bar su a fitila da injin.

Reza kuwa ba a wanke ta. Sabuwa, a ɓare ta a gaban mai ita, a jefa ta cikin gwangwani mai murfi bayan an gama, kada yara su tsinta a bola.

Na sha jin masu sana'a suna cewa wannan duk ɓata lokaci ne, layi na jira. Gaskiyarsu, minti goma ranar Juma'a kuɗi ne. Mafita ita ce kaya kashi biyu, ɗaya na aiki ɗaya na jiƙe. Kuma mai sana'ar ya fi kowa zama cikin haɗari, shi da ke taɓa jinin jama'a kullum da yatsun da reza ta sha yanka. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ta shiga jerin rigakafin jarirai a Najeriya a 2004, ke nan wanzamin da aka haifa kafin nan da wuya a ce an yi masa. Ga babba allura uku ce cikin wata shida, bayan an gwada jini.