Yawaitar Karatun Sulhu a Jami'o'in Nijeriya: Dalilai da Tasiri

Nazarin zaman lafiya da warware rikici, wato ilimin da ke bin diddigin abin da ke haddasa husuma tsakanin jama'a da hanyoyin kashe wutarta, baƙo ne a jami'o'in Nijeriya, domin sai a shekarar 2000 Jami'ar Ibadan ta buɗe karatun babban digiri a kansa, inda Farfesa Isaac Olawale Albert ya kasance cikin jagororinsa. A Turai kuwa fannin ya riga ya zauna da gindinsa, tun da Johan Galtung ya kafa cibiyar bincike a birnin Oslo a 1959, Jami'ar Bradford ta Ingila kuma ta buɗe sashensa a 1973. A yau akwai cibiyoyi irin wannan a jami'o'in Jos da Ilori da Maiduguri da Yola da Sakkwato, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ma tana ba da digirin ga masu karatu daga gida.

Dalili na fili na wannan yawaita shi ne jinin da aka zubar. Rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992 sun faru a ƙarƙashin mulkin soja, wanda ya saba da aika dakaru da kafa kwamitin bincike, amma da farar hula suka karɓi mulki a 1999, sai ga rikicin Kaduna a Fabrairun 2000, ga na Jos a Satumban 2001, aka gane cewa dokar hana fita tana tsayar da faɗa ne kawai, ba ta cire gaba daga zukata. A shekarar 2000 ɗin ce gwamnatin Obasanjo ta kafa Cibiyar Zaman Lafiya da Warware Rikici a Abuja, cibiyar Jami'ar Jos kuma ta biyo bayan abin da ya auku a garin. Dalili na biyu neman abinci ne, kuma ba abin kunya ba ne a faɗe shi. Yaƙin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya jawo ƙungiyoyin agaji zuwa Maiduguri, suna neman ma'aikata masu takardar shaida, su kuma hafsoshin soja da 'yan sanda da manyan ma'aikatan gwamnati suka ga digirin zai taimaka musu wajen ƙarin girma.

Akwai kuma dalili mai zurfi da ba a cika ambata ba, wato raunin da ya sami masu sulhu na asali. Karɓe kotunan alƙalai da 'yan doka daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da dokar mallakar ƙasa ta 1978 wadda ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, duk sun bar hakimi da dagaci da nauyin sasanci ba tare da ikon zartarwa ba, kuma wannan giɓi ne jami'a ke ƙoƙarin cikewa da ƙwararru.

Amfanin karatun ba ya ɓuya. Hukumomin zaman lafiya da jihar Filato ta kafa a 2016 da jihar Kaduna a 2017 suna buƙatar mutanen da suka san yadda ake tattara alamun rikici tun yana hayaƙi, da yadda ake zaunar da abokan gaba a tabarma ɗaya. Fannin ya kuma kawo bambancin da Galtung ya yi tsakanin zaman lafiya na shiru, wanda shi ne rashin jin ƙarar bindiga kawai, da zaman lafiya na adalci, inda aka kawar da abin da ya haifi faɗan. Wanda ya san garin Kaduna ya san darajar wannan bambanci, domin tun bayan 2000 kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, mafi yawan Musulmi a arewacinsa, mafi yawan Kirista a kudancinsa, ana haɗuwa a kasuwa da rana, da yamma kowa ya nufi ɓangarensa.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne nisan da ke tsakanin aji da zaure. Ana koyar da darasin da Turanci, da misalan Ruwanda da Afirka ta Kudu, alhali rigimar da ɗalibi zai tarar da Hausa da Fulatanci da Barbarci ake yin ta. Idan shanu suka yi ɓarna, dagaci da arɗo da sarkin noma ne ke takawa har gonar, su duba sawu, su ƙiyasta damin dawa nawa aka yi asara, su tsayar da diyyar da makiyayi zai iya biya manomi kuma ya karɓa ba tare da jin an raina shi ba, sannan a tambayi wanda ya nome burtali, wato hanyar da aka keɓe wa dabbobi. Wannan ilimi ne cikakke, amma kaɗan daga cikinsa aka rubuta, kuma kundin bincike da yawa ana haɗa su ne daga takardun tambayoyi da aka raba a cikin birni, saboda tsoron hanya da rashin kuɗin tafiya. Abin lura ne cewa Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai a Kaduna a 1995 kuma suka yi aikin sulhun Yelwa da Shendam, daga fagen faɗan suka fito, Wuye ma a can ya rasa hannu.

Rufe hukumar agajin Amurka ta USAID a 2025 ya rage guraben aikin da suka ja ɗalibai da yawa zuwa fannin, a daidai lokacin da ta'addancin 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato ke jefa wata tambaya mai wuya, ta ko ya halatta a yi sulhu da wanda ke riƙe da mutane a daji. Gwamnoni sun gwada, yarjejeniyoyi da dama sun watse, kuma dalilin watsewar kowace ɗaya aiki ne da ke jiran mai binciken da zai je ƙauyukan da kansa ya ji daga bakin mutanensu.